Kiɗan da Ya Fi Mai Shi Sauri

Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Taubashina ya riga ni tafiya, kamar yadda ya riga ni zuwa duniya da shekara goma, abin da bai taɓa bari na manta ba. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika a gidansa na unguwar Birni, nan Zinder. Kafin azahar mun kai shi, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kowa da irin ta'aziyyar da ya zo da ita. Liman ya ce mutum ne da ba a raba shi da sahun gaba, ya faɗi haƙurinsa, ya faɗi zumuncinsa, ya kauce wa zancen kalangu kamar yadda ake kauce wa rami a hanya. Tsofaffin mahauta uku suka zo daga Kasuwar Dole, suka zauna can gefe, na lura ɗayansu yana taɓa cinyarsa da yatsu, bai ma san yana yi ba. Ranar uku wasu mata suka sauka daga motar Zermu, kowace da ɗan ƙullin kuka ko gero a bakin zane, kuma ba wanda ya san su cikin ƴaƴan gidan. Aka tambaye su dangantaka. Babbarsu ta ce, "Ya taɓa yi mana kiɗa." Ta shige cikin gida.

Sai wani maƙwabci, irin mutanen nan da addu'arsu ba ta rasa ƙaya a ciki, ya gyara zama ya ce, "Allah dai ya yafe masa. Shekarar da mutane ke jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci su ci don yunwa, shi yana ƙauye yana zuba kalangu kamar ranar salla. Ba ƙage na yi ba, ga shi nan a wayar kowa."

Kamar an kira shaida, wayar surukin marigayin ta ɗauki ƙara a aljihu, kuma kiɗan ne ya sa mata. Kiɗa mai gudu, mai tsini, irin wanda in ka ji sai ka waiwaya ka ga ko kare ya biyo ka. Bawan Allah yana ta laluben aljihu, muryar ƙanwar marigayin ta tsallako katanga daga wajen mata.

"Wane ne ya kunna mini wannan tsalle-tsallen? Ku kashe. Yayana bai taɓa yin wannan ba!"

Maƙwabci ya ɗaga gira, alamar an ce ba shi ba ne amma kowa ya san shi ne. Ni kuwa na yi shiru. Duk wanda ya san ni ya san shiruna ba ƙaramin lamari ba ne, har babban ɗan marigayin ya matso ya ce, "Baba, ko a kawo maka ruwa?" Ba ƙishi ba ne. Da maƙwabcin da ƙanwar marigayin, duk gaskiya suka faɗa. Hannun taubashina ne a wayar, amma kiɗan ba nasa ba ne, kuma a duk faɗin Damagaram ni kaɗai, a zatona, na san yadda aka yi haka. A kan tabarmar nan na ƙudura cewa ba zan bi shi ba sai na nemo kiɗan yadda ya fito daga hannunsa. In ba haka ba, da mu tsofaffi mun ƙare, abin da zai rage masa a duniya shi ne sunan wanda ya yi shagali a kan yunwar mutane.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don kada a ɗauka wani malami ne ya riƙe alƙalami. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, shi ɗan mace ni ɗan namiji, kuma har ya koma ga Allah ba mu daidaita kan wane ne bawan wani ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku. Na iya cewa "wi mushe", wato "i, malam" da Faransanci, na iya rubuta wasiƙa, na iya karanta lambar mota, daga nan aka ga ilimin ya ishe ni aka sallame ni. Shi ya laƙa mini Rabin Mushe. Yakan ce da na cika shekara shida a lakwal da an samu cikakken bala'i a dangi.

Mutum ne da ba ya kallon fuska. In kuna hira idonsa na ƙasa, baƙo sai ya ɗauka kunya ce. Ƙafa yake kallo. Yakan ce fuska ta iya kara, ƙafa ba ta iya ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida da safe, mutane na wucewa, yana karanta su ƙasa-ƙasa kamar allo. Waccan tana da juna biyu, mijinta bai sani ba tukuna. Wancan an yi masa faɗa a buro, wurin aikinsa. Wannan sabon takalmi ne, kuma ba nasa ba ne. Wata rana na taho ina taƙama da sabuwar hula, tun daga nesa ya ce, "Rabin Mushe, jiya an hana ka tuwo a gida." Na rantse ƙarya ne. An hana ni.

Ba ya son a ce masa mawaƙi. Shi makaɗin rawa ne, ya gaji kalangu wurin ubansa, kuma bakinsa a rufe yake in yana aiki. In ya ga matashin makaɗi yana rufe ido yana kaɗa kai don daɗin hannunsa, sai ya tsuke baki ya ce, "Wannan kansa yake yi wa biki." A wurinsa mai rawa ne gaba, kalangu na biye kamar jaki da mai shi. Har ila yau yana da wata ɗabi'a da ta ishe mu: in aka kawo masa abinci a gidan biki ba zai taɓa ba sai ɗan karɓinsa, wato mai ƙaramin kalangun da ke amsa masa, ya ƙoshi. Ba tausayi ba ne, in ji shi, wai mai jin yunwa sauri yake yi don a tashi.

A fari na biyu, wanda ya zo bayan mun ɗauka mun gama ganin fari, sana'arsa ta tsaya cak. Dabbobi na faɗuwa a bakin hanya, fata ta yi arha har ba mai ɗauka, ga makaɗa kuma ba wanda za su kaɗa wa. Mutanen ƙauyuka suka cika gefen gari da bukkokin kara da tsumma. Ana raba jar dawar nan ta taimako wadda tuwonta ke kama da ƙasar gini. Ruwa kuwa, ku da kuka san Zinder kun san ko a shekarar albarka sai mutum ya yi wa tulu ladabi.

Cikin wannan hali saƙo ya zo daga Zermu, inda ƙanwarsa ke aure a lokacin. Za a ɗaura auren wata ƴar dangin mijinta. Dattawan gari sun ce a shafa fatiha kawai a kai amarya, wa ke da ƙarfin biki. Wata tsohuwa ta ce sam, amaryar da aka kai ɗaki ba kiɗa za ta ƙare rayuwarta tana zaton zaman makoki aka yi mata. Shi ne aka aiko wa taubashina. Ya ce zai je.

Ni a lokacin ina ji da kaina, don na dawo daga ci-rani da magneto, akwatin ɗaukar murya mai cin kaset, mai jar fitila ƙarama a goshi. Saura mako guda ya kira ni ya ce, "Bawa, za ka bi ni da akwatinka. Ka nemi sababbin duwatsu." Duwatsun rediyo yake nufi, abin da yaran yanzu ke ce wa pil ko batir. Na nemo huɗu sababbi fil. Da zan iya rubuta cewa na ƙarar da su wajen sauraron labarin motocin taimako, da mai karatu ya tausaya mini. Kokawa na saurara. Kwana huɗu ana sa ta a rediyo, ni kuma ina da gwani. Ranar tafiya duwatsu sun yi laushi. Na yi musu abin da kowane mai hankali ke yi a zamanin: na shanya su a rana kan kwano, na ɗan cije kowanne da turmin haƙori, na gwara su da juna, na mayar. Jar fitila ta kama. Na ce alhamdu lillahi.

A bayan wani kamyo, babbar motar kaya, muka tafi, mu uku da ɗan karɓinsa. Abincin biki kunu ne na jar dawa, tsinkakke, kana iya ganin gindin ƙwarya. Bayan la'asar aka share fili gindin wani gawo, mata suka yi da'ira. Ya saɓa kalangu ya fara da kiɗan da aka saba, mai zafi, wanda ƴanmata ke tashi sama da shi. Ba a yi nisa ba mata biyu suka koma gefe suka zauna. Wata ta yi tangaɗi, ta dafa kafaɗar ta kusa da ita tana dariya don kada a gane. Fuskokin duk murmushi ne. Shi kuwa idonsa na ƙasa.

Sai ya tsaya. Ya sassauta tsarkiyar kalangun a hammatarsa, muryar ta sauko ta yi kauri, ya sake farawa da wani abu da ban taɓa ji ba, kuma na tabbata shi ma bai taɓa ji ba. Kiɗa a hankali, mai faɗi, tsakanin bugu da bugu akwai wurin da mutum zai ja numfashi. Ba ya neman a ɗaga ƙafa. Ka ja ta dama, ka huta a kanta, ka ja ta hagu, kafaɗa ta yi sauran aikin. A nan na danna akwatina. Matan da suka zauna suka miƙe. Tsofaffi suka shiga. Aka fito da amarya ta taka. Har rana ta yi ja ana yi, ba wadda ta faɗi, ba wadda ta ji kunya. Mutanen Zermu suka sa wa kiɗan suna Ja-ƙafa.

Da za mu taho uban amarya ya kawo masa tiya guda ta dawa, ban san daga bakin wa ya tsamo ta ba. Taubashina ya ƙwanƙwasa cikin kalangunsa ya ce, "Ka ji? Wofi ne, kuma a haka ya fi amo. Mayar wa amarya." A mota na ce masa ai da ya karɓa ya ba ni, ni cikina ba ya amo. Ya ce, "Naka bakin ne ke yi."

Da muka dawo na ari duwatsu masu rai na kunna kaset ni kaɗai a ɗaki. Na ji abin yana gudu. Na ce ko kunnena ne. Na sake kunnawa, yana gudu, kuma ƙarshen ya fi farkon gudu. Mai hankali da ya je ya faɗa. Ni sai na ara wa wani abokina direba, don in nuna ina da abin da ba kowa ke da shi ba. Direba ya ara wa mai sayar da kaset. Kafin wata biyu Ja-ƙafa na tashi a tasha da shagunan tela, yara na tsalle da shi.

A Kasuwar Dole ya fara jin kansa. Ya tsaya gaban mai kaset ya ce, "Wane mahaukaci ne wannan?"

Mai kaset ya washe baki ya ce, "Ai kai ne, Baba."

Ya iso gidana ko sallama bai gama ba. "Me ka yi wa kiɗana?"

Na ce, "Ni? Injin masu kwafa ne. Ka san su, sauri suke sa wa abu don ya shiga kaset."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Na tuna har na ɓoye ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To." Ya juya.

Hukuncin da ya yanke mini, wanda ba shi da taubashi ba zai gane zafinsa ba: girmama ni ya shiga yi. Mu haɗu a hanya ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Malam. Ya iyali?" Ba bawa, ba Rabin Mushe, ba gori. A gaban mutane ya ba ni tabarma mai kyau. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Haka muka ci rani guda. Sai ranar da aka yi ruwan farko mai kyau, kowa ya fito yana kallon sama, ya hango ni ina tsallake kwata ya ɗaga murya, "Kai bawa, tattara wandon, na aro ne!" Na koma gida ina share ido, na ce wa mai ɗakina ruwan sama ne.

Bai sake kaɗa Ja-ƙafa ba. In an roƙe shi a biki yakan ce na masu yunwa ne, ku kun ƙoshi, Allah kada ya maimaita ranar da za a buƙace shi. Bayan wasu shekaru ya rataye kalangun gaba ɗaya, ya kama sayar da igiya da tabarmi. Ni kuma ban faɗa masa gaskiya ba. Kullum sai in ce gobe. Shekara arba'in ina cewa gobe.

Bayan sadakar bakwai na fara yawon nema. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda an ce yanzu komai na cikin waya. Na je rumfunan masu tura waƙoƙi a katin waya, na ce ina son Ja-ƙafa mai kyau, na asali. Na farko ya ce, "Baba, ka zo gida, wannan orijinal ne." Ya kunna, sai shuuu kamar ruwa a kan kwano, kalangun na can ƙarƙashi yana neman agaji. Na biyu nasa ya fi tsabta, amma an ɗora masa gangar inji, kuma kowane ɗan lokaci wani ƙato na kutsowa yana faɗin sunan shagonsa. Na uku ya rantse mini kiɗan wata ƙasa ne can gabas, har ya nuna mini an rubuta. Na ce masa ina tsaye aka yi shi. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Haka ne, Baba." Dukansu kuma gudu suke. Kwafi ne na kwafin kwafi, kowanne ya gaji ciwon uwarsa ya ƙara nasa.

Wani mai gyaran rediyo a unguwar Zango, Babarbare mai furfura a gemu, wanda zamani ya tilasta wa koyon ordinatar, wato kwamfuta, shi ya fara yi mini magana mai kan gado. Ya ce, "Alhaji, abin da ya lalace a tukunya ba a gyara shi a akushi. Nemo mini uwar kaset ɗin, wadda aka fara ɗauka." Direban da na ara wa ya daɗe da rasuwa. Aka ce kayansa na wurin ɗansa a Garagumsa. Na hau mota na je da wannan gwiwar tawa. Ɗan ya fito mini da kwali guda na kaset, gara ta ci takardun, zafi ya narkar da rabi. Muka yini muna gwadawa, wa'azi ne da waƙoƙin Indiya.

Na dawo a gajiye na biya gaida ƙanwar marigayin, wadda tun rasuwar mijinta ta dawo Birni da zama. Ita ma taubashiyata ce, kuma bakinta ya fi na yayanta kaifi. Na ba ta labarin wahalata, ina jiran sannu.

Ta ce, "Garagumsa? Da ka tambaye ni ai da ka huta. Amma ina ruwan Rabin Mushe da tambayar jahilai."

Ta shiga ɗaki ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta fito da abu naɗe a ƙyalle. Kaset ɗina ce. Ga rubutuna a jiki, Zermu, da harafin farko a juye. Ashe tun a shekarar taubashina ya bi direban ya karɓe ta.

Ta ce, "Ya ce in ajiye, wata rana za a samu mai hankali a zuriyarku."

Mai gyara ya buɗe ta da ƙaramin sukudireba kamar mai yi wa jariri kaciya. Zaren ya tsinke a wuri guda, ya haɗa shi da jan farce. Ya juye ta cikin ordinatar, shuuu ɗin ya ragu, kalangu ya fito fili har kana jin fatar. Amma yana gudu. Ya ce zai iya rage saurin, sai dai ya rage zuwa ina? Shi ba ya wurin bikin. Ni ina wurin, amma kunnena ya sha gurɓataccen shekara arba'in har ya saba. Muka yanke a kai injin gaban tsohuwar nan, ƙanwar marigayin.

Bayan sadakar arba'in ya ɗauko kayansa a kan babur, muka zauna a tsakar gidan marigayin, da ita da ni da babban ɗan. Ya kunna, ya saurara, sai ya ce, ba tare da ya san inda maganarsa za ta sauka ba, "Wanda ya ɗauki wannan da matattun duwatsu ya ɗauka. In duwatsu sun yi sanyi zaren a hankali yake juyawa. Ran da aka sa masu rai sai ya zabura. Kun ji ƙarshen ya fi gudu? Suna ƙara mutuwa ne yana ɗauka."

Na dubi katanga. Na dubi tulu. Na ce, "Ikon Allah."

Tsohuwar ta ce, "Ikon kokawa dai."

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Yaya. Tun a gindin gawon ya ga jar fitilar akwatinka tana lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Ga shaidar haƙoranka kuma a jikin duwatsun, a gabansa ka zubar da su."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Ya ce jira yake ka kawo da ƙafarka." Ta ƙara da cewa, "Ko a ciwon nan na ƙarshe ya ce mini, bawan nan har yanzu yana ɗauke da duwatsunsa huɗu, ko nauyi ba ya ji."

Ina jin nauyi. Da na san ƙofar a buɗe take duk shekarun nan, tsakanina da ita taku goma, da ban tsaya auna girman kunyata ba. Wannan ban da inda zan kai shi yanzu sai wurin Allah.

Ta miƙe ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Babban ɗan, mutumin kirki ne amma mai tsantseni, ya ce, "Gwaggo, rawa kuma? A gidan nan?"

Ta ce, "Wa ya ce maka rawa zan yi? Awo zan yi. Kai Babarbare, kunna."

Ya kunna yana ragewa kaɗan-kaɗan. Ta ce rage. Ya rage. Ta taka, ta ce ƙara. Can ta ce ya wuce, ya mai da shi jana'iza, ya dawo. Suka yi ta yi har ta tsaya ta kama ƙugu.

"Ba zai yiwu yau ba. Na ci tuwo da rana. Ƙafar ƙosasshe ƙarya take yi, duk inda ka sa shi zan iya binsa. Ku dawo ranar Alhamis bayan la'asar."

Ranar Alhamis ta tashi da azumi, ko sahur ba ta yi ba. Jikokinta sun yi ta faɗa, tsohuwa mai shekara saba'in, ta ce ladan na yayanta ne, awon kuma nata. Muka same ta leɓe a bushe. Mai gyara ya ce kafin a fara, akwai wani saf-saf da ya rage a ƙarƙashin kiɗan, yana iya share shi tas. Ta saurara ta ce, "Kada ka taɓa. Ƙafafunmu ne."

Wannan karon ba ta yi magana da yawa ba. Ta tsaya a tsakiyar gida ido a rufe, hannu ɗaya na nuna masa ƙasa, ƙasa. Kiɗan na saukowa, tsininsa na zubewa, muryar kalangun na ƙara kauri. Sai ga ƙafarta ta dama ta ja a kan turɓaya. Ta huta a kanta. Ta hagu ta biyo. Hannun ya tsaya cak a iska, mai gyara ya ɗauke yatsansa daga injin. Sai ga ni a Zermu. Gindin gawon nan ne, da ƙamshin ƙura, da kunun da bai riƙe kowa ba. Da yake duwatsuna sun yi ta mutuwa a hanya, sai da aka bi kaset ɗin gaɓa-gaɓa, ta ja ƙafa, ya daidaita, ya matsa gaba, ta sake ja.

Wajen tsakiya akwai wani ɗan tsuwwa da kowa ya sani a kwafin waya. Yara na cewa tsuntsu ne, wasu na cewa guɗa ce ta tsinke. Da sauri ya koma daidai, sai tsuwwar ta zama muryar mutum. Muryar taubashina, ta lokacin da yake ɗan shekara arba'in da biyar, ƙasa-ƙasa, yana magana da ɗan karɓinsa ta gefen baki:

"Sassauta. Ƙara sassautawa. Mai shuɗin zanen can ƴaƴanta ta ba nata kunun."

Babban ɗan ya ce a mayar. Aka mayar. Ya sake cewa a mayar. Tun yana yaro rabonsa da jin uban da wannan murya, kuma bai taɓa jin sa a bakin aiki ba.

Tsohuwar ta daina takawa. Ta lallaba ta zauna a kan turmi, ta kwance ɗankwalin daga ƙugu tana ninke shi a cinya, ninki bayan ninki.

Ta ce, "Ni ce mai shuɗin zanen. A bayan ɗaki na ba su, ba wanda ke wurin." Ta goge fuska da ɗankwalin. "Kwana biyu ke nan a ranar ban sa komai a ciki ba. Na ɗauka na ɓoye."

Muna nan zaune aka kira magariba. Babban ɗan da kansa ya kawo mata ruwa da dabino, ya durƙusa ya miƙa mata. Da ta sha ya juya wurin mai gyara ya ce a zuba masa a wayarsa, kuma a ba duk wanda ya zo nema, kada a hana kowa.

To, jama'a, wanda ke da mai gudun a wayarsa, don Allah ya goge. Wancan aikina ne, ni da haƙorana, kada a jingina wa bawan Allah. Na gaskiyar yana nan gidansa a Birni, minti goma sha ɗaya ne da ɗan kai, ku zo da katinku. In kun kunna kuka ji ya yi muku sanyi, ku gode wa Allah, alama ce kun karya kumallo.

Allah ya jiƙan ɗan gwaggona, ya yafe masa, ya yafe wa wanda ya ɓata masa aiki. Ya sassauta masa a ranar da kowa zai zo da yunwarsa, kamar yadda ya sassauta wa matan Zermu. Amin.